Na saka manyan tayoyi, maleji ya fara min ƙarya

Mai Hilux: Salam 'yan uwa, na cire tayoyi masu lamba 265/70R16 na saka masu lamba 285/75R16, yanzu maleji na nuna gudun 100 amma GPS ɗin waya na cewa 107, kuma motar ta yi sanyi wajen tashi, meye matsalar?

Bakanike: Maigida wayarka ce mai gaskiya. Maleji juyin taya yake ƙirgawa, sabuwar kuwa ta fi tsohuwar tsayi da wajen kashi 7 cikin 100, kowane juyi ta fi cin ƙasa. Sanyin kuma ai kamar ka ɗaga giya ne, injin na shan wahala kafin ya murza ta, balle ka yi lodi a hawa.

Ɗan Kasuwa: Wallahi nima haka, giya biyar sai a shimfiɗaɗɗen titi, ga shan mai cikin gari.

Mai Hilux: To malejin yana gyaruwa?

Bakanike: Kai ta wajen masu kwamfuta, wasu motocin suna karɓar saiti.