Wai me yasa fim yake daɗewa kafin ya fito a haya bayan an haska shi a sinima?

Maman_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah tambaya gareni ga waɗanda suka san harkar fim. Akwai wani fim ɗin Hausa da aka haska a sinima a Kano tun bikin ƙaramar sallah, ƙanwata taje ta kalla ta dawo tana ta bani labari har na ƙosa, to mu garinmu babu sinima, kuma ko da akwai ni da yara uku ina zan ajiye su in tafi. Yau wata huɗu kenan kullum sai na duba YouTube babu komai sai tirela, na aiki yaro wajen masu tura fim a waya sunce bai fito ba. Ni a shirye nake in biya kuɗina in kalla a ɗakina, ba kyauta nake nema ba wlh. Me ake jira ne? Da can ai kana zuwa shagon haya ka karɓi kaset ka kawo gobe, yanzu wai an cigaba amma abin sai ƙara wuya yake.

Mai_Kaset_Fagge:
Wa alaikumussalam 'yar uwa. Kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, don ni shekara goma sha ɗaya nayi ina shagon hayar kaset kafin in koma sayar da kayan waya. Bari in gaya miki yadda abin yake a da sai ki gane na yanzu.

Tun daga Turmin Danya da aka yi a 1990, fim ɗin Hausa a kan kaset ya tashi, shiyasa ma ake ce masa bidiyon gida. Furodusa zai gama aikinsa, bayan an kafa hukumar tace fina-finai ta Kano a 2001 sai ya kai a duba a bashi takarda, wani ya ɗan zaga dashi gidajen sinima irin su Marhaba da Plaza ya tara abinda ya samu, daga nan sai kasuwa. 'Yan kasuwar Kofar Wambai da Bata sune sarakunan harkar, su za su ce ga ranar da fim zai fita, kuma ana bin layi ne don kada manyan finafinai biyu su haɗu a sati ɗaya su kashe juna. Ranar fita da sassafe muke zuwa, in fim ne mai zafi in ɗauki kwafi biyar ko shida, kafin azahar duk sun fita haya. Ina da wani littafi mai dogon bango da nake rubuta sunan mutum da layinsu da lambar kaset, har yanzu yana nan a akwatina, rabin sunayen ciki ma basu dawo da kayan ba. Wata tsohuwa a layinmu takan aiko jikanta da kuɗin haya a ɗaure a bakin zani, in kaset ɗin ya dawo sai na sa biro na juya shi baya da hannu saboda su basa mayarwa farko.

To amma mu masu haya furodusa baya son ganinmu, gaskiya ɗaya ce. Kwafi ɗaya na saya, gida talatin sun kalla, shi kuɗin kwafi ɗaya ya shiga aljihunsa. Da CD ya zo abin ya ƙara lalacewa don kaset in ka kwafa hoton yana dusashewa, CD kuwa kwafi na ɗari daidai yake da na farko. Sai kuma waya da memori suka zo suka ƙarasa binne mu, fim ya fita da safe, kafin la'asar yana wayar kowa. Saboda haka duk furodusan da kika ga ya riƙe fim ɗinsa yanzu, tsoro ne, ya san ranar da ya sake shi ya bar hannunsa kenan har abada.

Abba_Injiniya:
Baba Mai Kaset ya faɗi gaskiya, amma bari in ƙara da cewa ba matsalar Kano kaɗai bace, a Amurka ma da gangan ake jinkirin, tsari ne mai hawa hawa. Sinima tukunna saboda a nan ne kowane kai yake biyan tikiti, sai haya da sayarwa, sai manhajojin biyan wata irin su Netflix, can ƙarshe gidan talabijin. Zamanin kaset sai ayi kamar wata shida tsakanin sinima da bidiyo, a hankali ya sauko ya tsaya wajen kwana 90 aka daɗe a haka. Masu sinima ne suka kafe akan wannan don sun san in mutum yaji sati biyu fim zai zo gida bazai fito ba.

Korona ce ta wargaza lissafin. A watan Afrilun 2020 sinimomi na rufe kamfanin Universal ya saki Trolls World Tour kai tsaye a haya ta intanet akan dala 19.99, kamfanin sinima na AMC yayi fushi yace ya daina haska finafinansu gaba ɗaya, amma a watan Yuli suka shirya akan kwana 17 kacal. Warner Bros kuma a 2021 duk finafinansu na shekarar rana ɗaya suka riƙa fita a sinima da manhajar HBO Max. Bayan ƙura ta lafa yawancinsu suka tsaya wajen kwana 45, amma fim in yana kawo kuɗi a sinima sai su ƙara ja, in ya faɗi warwas kuma da wuri zaki ganshi a haya. To ni hasashena fim ɗin da kike jira ko dai har yanzu ana cinikinsa da wata manhaja ko tashar talabijin, ko kuma mai shi yana so ya ƙara zagawa dashi wata sallar.

Abin dariya ma su can masu haya sun sha irin wulaƙancin da Baba yake faɗa. A da akwai Redbox kafin su rufe a 2024, wasu jajayen akwatunan haya a bakin kantuna da kake saka katin banki DVD ya faɗo, a 2010 manyan kamfanoni irin Warner suka sa musu sharaɗin sai fim yayi kwana 28 a kasuwa ana sayarwa kafin su samu na haya. A shekarar ne kuma Blockbuster, babban kamfanin shagunan hayar fim, ya karye, yanzu shago ɗaya ya rage musu a duniya a garin Bend na jihar Oregon. Netflix ɗin ma da aika DVD ta gidan waya suka fara, sai a Satumbar 2023 suka rufe wannan ɓangaren.

Mai_Kaset_Fagge:
Ikon Allah, ashe har turawan ma sun rufe shago. Da na sani da ban yi ta zargin kaina ba lokacin da na sayar da kantocina.

Ummi_Indiya:
Nidai ta ɓangaren Indiya zan yi magana tunda can nafi ƙarfi. Finafinan Hindi manyan gidajen sinimarsu sati takwas suke sa wa sharaɗi kafin fim ya hau manhaja, na kudu kuma irin na Telugu da Tamil da yawa sati huɗu ne sun fito. Shiyasa zaki ga fassarar Hausa ta na kudu tana riga fitowa da hoto garau, wanda kuma aka yi gaggawar fassarawa tun yana sinima sai kiga hoton yana rawa, ana jin tarin mutane, wani ma ya miƙe ya gitta ta gaban allon. Aunty in kika ga an ce miki fim ɗinki ya fito a wajen masu turi alhali mai shi bai sanar ba, irin wannan ne, kar ki ɓata datarki.

Abba_Injiniya:
Wani abu kuma Hajiya in ya fito ɗin a manhaja ki duba da kyau, haya daban saye daban. A su Apple TV da Prime Video in ka yi haya kana da kwana 30 ka fara kallo, amma da ka danna ya fara awa 48 ce ta rage maka. Manhajojinmu na Hausa irin Northflix kowacce da nata tsarin, ki karanta kafin ki tura kuɗi. Na taɓa yin hayar wani fim daren Juma'a na kalli minti ashirin aka ɗauke wuta waya ta mutu, washegari biki, jibi na dawo na tarar ya rufe, haka kuɗina suka tafi.

Sadiq_Kurna:
Ni kuma ban yarda duk laifin 'yan turi bane. Ku kalli masu dogon zango, tunda Izzar So ya fara a YouTube a 2020 kowa ya koma can, duk sati ana sakin sabo, babu wanda yake jiran wata huɗu kuma suna samun kuɗin talla. Masu manyan finafinan ne basu da tsari, a haska a sinima kwana bakwai a Kano, wataƙila Kaduna da Abuja, daga nan shiru kamar an shuka dusa, ko ranar fita baza su faɗa ba. Mutumin Maraɗi da Zinder da Kumasi fa, shi ba ɗan kallo bane? Ko kwana 45 ɗin turawan ne ku faɗa mana mu sani mu ƙirga.

Maman_Hanifa:
Nagode sosai Allah ya saka da alheri. Baba labarin littafin nan naka ya bani dariya, Allah yasa dai babu sunan yayana a ciki don har yau akwai wani kaset a ɗakin mahaifiyarmu mai lamba 214 a jiki da jan fenti, bamu san na wane shago bane. Malam Sadiq maganarka ita ce tawa, ni ranar kawai nake so a faɗa min. Na bi shafin furodusan a Instagram na tambaya a ƙarƙashin fostar, ya amsa min da "nan bada jimawa ba insha Allah", na duba sama naga haka ya rubuta wa wata tun wata biyu da suka wuce.