Wace mujallar jita ce ta cancanci in biya mata kuɗin shekara? Ku ba ni shawara

Baban Nana:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya ishe ni. Ku yi haƙuri da tsawon bayani.

Jitar da ke hannuna ta yayana ce, Allah ya jiƙansa. Shekara shida ke nan da rasuwarsa. Da aka zo kwashe kayan ɗakinsa babu wanda ya ko kalle ta, tana jingine a bayan ƙofa, tsirkiya biyu sun tsinke, ƙura ta yi mata butu-butu. Na ɗauka ne kawai don kada a yar. Sai da ta shekara huɗu a saman kabad ɗina kafin wata rana na buɗe aljihun jakarta, na tarar da tsofaffin mujallu guda uku, duk bangonsu ya cire. Ya bi wasu shafukan da jan biro, akwai inda ya rubuta a gefe, "kullum minti ashirin, ko da ciwo." Wallahi ranar ban iya barci ba. Washegari na kai ta aka sa mata sababbin tsirkiyoyi, na fara koyo.

Yanzu shekara biyu ke nan ina fama da bidiyo a waya. Matsalar, zan buɗe darasi, kafin in ankara ina kallon ƙwallo ko wani yana gyaran mota. Shi ya sa na yanke shawarar komawa takarda kamar yadda marigayi ya yi. Guda ɗaya zan iya biya, ta shekara guda, kuma maman Nana ta ce in wannan karon ma na watsar kada in sake yi mata maganar jita. Na duba na ga sunaye da yawa, kaina ya ɗaure. Wacce za ku ce in ɗauka?

Kawu Mai Tsirkiya:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanka. Ka zo wurin da ya dace, don ni shekara ashirin da ɗoriya ina karanta waɗannan mujallu, akwai kwali biyar cike da su a ɗakina. Ba sai an ja zance ba: Guitar World. Tun 1980 ake buga ta a Amurka, kuma kowace fitowa tana zuwa da cikakkun waƙoƙi a rubuce da tab, daga farko har ƙarshe. Abin da mai koyo yake buƙata ke nan, waƙar da zai zauna ya kaɗa. Sauran duk ado ne.

Ummu Hanan:
Baban Nana, ka ba mu labarin jita amma ba ka gaya mana wace iri ba ce. Ta lantarki ce ko ta akwati? Kuma ina ka kai a koyon? Wane irin kiɗa kake son yi? Ba wanda zai ba ka shawarar kirki bai san waɗannan ba. Kawu, da girmanka, wadda ka ambata ta fi karkata ga jitar lantarki da kiɗan rok mai ƙara. In mutum ta akwati gare shi, rabin shafukan ba nasa ba ne.

Kawu Mai Tsirkiya:
Hajiya, tsirkiya shida ce a can, shida ce a nan. Sautinsu E, A, D, G, B, E, ba a canza ba. Wanda ya iya a wannan ya iya a waccan.

Ɗan Auta:
Don Allah mene ne tab ɗin nan da kowa yake faɗa? Ni ma sabo ne, kunyar tambaya nake ji.

Ummu Hanan:
Ba abin kunya ba ne ƙanina. Layi shida ne a kwance, kowane layi tsirkiya guda. Na can ƙasa shi ne tsirkiya mai kauri, na sama kuma siririyar. Lambar da aka rubuta a kan layi ita ce gaɓar da za ka danna a wuyan jita. Ka ga 3, ka danna gaɓa ta uku. Ka ga 0, ka kaɗa ba ka danna komai ba. Aibinsa guda: yana nuna maka inda za ka sa yatsa, amma sau da yawa ba ya gaya maka tsawon lokacin da za ka riƙe sautin. Shi ya sa mujallar kirki take buga shi a ƙarƙashin rubutun kiɗa na ainihi, ka ga biyun tare. In ka buɗe mujalla ka ga lambobi tsirara babu komai a samansu, sai ka riga ka san waƙar a kunne kafin ta yi maka amfani.

Baban Nana:
Na gode. Ta akwati ce, ba ta da wurin jona waya. Maganar inda na kai kuwa, na iya G da C da D da Em, wato haɗin tsirkiyoyin da ake dannawa a kaɗa tare, ina sauyawa a tsakaninsu ba laifi. F ce ta gagare ni. Wata takwas ina kanta, yatsana manuni ya yi kanta, amma da na danna sai ka ji tsirkiyoyin suna ƙuf-ƙuf kamar an rufe musu baki. Ina ganin mujalla mai tsari za ta warware min wannan.

Injiniya Sak:
Ɗan'uwa kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar mujallar tana raye. Ni abin da ya same ni ke nan. Na biya wata ta shekara guda, fitowa uku kacal na karɓa, sai ga saƙo wai sun daina bugawa a takarda, za su mayar da ni kan wata daban da ban taɓa nema ba. Na rubuta musu sau huɗu, amsa ɗaya suke maimaita min kamar aku. Wata ɗaya ma a jiƙe ta iso, shafukan sun manne, sai da na sa wuƙa ina ɓanɓarewa a hankali, darasin da nake jira ya tafi da rabin hoton yatsun. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kuma ba ni kaɗai ba ne, abokina ma haka aka yi masa da ta ɗaukar hoto.

Kawu Mai Tsirkiya:
Injiniya ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ku yaran yanzu ba ku san abin da aka yi asara ba. Shekarar 2024 ta yi mana ɓarna. Guitar Player, wadda aka fara tun 1967, ta daina fitowa a takarda a ƙarshen shekarar. Total Guitar ta Ingila, wadda tun 1994 take rainon masu koyo, an rufe ta. Guitar Techniques, da darasi ne zalla daga bango zuwa bango, ita ma ta bi su. Dukkansu a hannun kamfani guda suke, Future. Da a ce shekara goma baya ka yi tambayar nan, Baban Nana, da Total Guitar zan ce maka ba tare da na yi tunani ba, har faifai take zuwa da shi ka sa ka bi kiɗan. Yanzu kuwa abin da ya rage shi za a ɗauka, kuma na riga na faɗa maka.

Ummu Hanan:
To ai tunda ta akwati ce, Acoustic Guitar ta fi dacewa da shi. Tun 1990 take fitowa daga Kalifoniya, hankalinta a kan jitar akwati yake, kuma tana da darussan masu farawa da waƙoƙin da mutum zai kaɗa shi kaɗai a ɗaki. Wata biyu sau ɗaya take zuwa, wanda a ganina alheri ne ga mai koyo. Darasi guda mai kyau sai ya ci maka mako shida.

Kawu Mai Tsirkiya:
Sau shida a shekara? Mutum ya biya kuɗi ya zauna jira kamar mai jiran damina?

Maman Biyu:
Ni ba na kaɗa komai, mijina ne ya sa ni a nan wai in ga ba shi kaɗai ne mahaukacin ba. Baban Nana, ka ji tsoron Allah ka tausaya wa maman Nana. Namu ya fara da mujalla ɗaya. Duk wata sai ya kira ni ya nuna min hoton wata jita mai sheƙi, yana cewa "kin ga wannan, ita ce ƙarshe." Yanzu guda huɗu ne a rataye a falo, inda hoton bikinmu yake da. Waƙa ɗaya yake kaɗawa tun kafin in haifi 'yan biyu, yanzu sun shiga aji uku. In na yi magana ya ce itacen wannan daban ne da na waccan. Mujallun nan kasuwa ce aka yi mata kwalliya, ni dai na faɗa.

Injiniya Sak:
Hajiya ba ki yi ƙarya ba. Ka ɗauki kowacce ka ƙirga shafukan talla da na gwajin sababbin kaya, ka ƙirga na darasi, sannan ka yi hukunci. Guitarist ta Ingila, wadda take tun 1984, gwanar gwajin kaya ce, ga hotuna kamar ka lashe. Vintage Guitar ta masu tara tsofaffin jita ce. Fretboard Journal ta birnin Siyatil na Amurka kamar littafi take don kauri da kyan takarda, dogayen labaran masu sassaƙa jita da makaɗa, amma ba za ta koya maka F ba. Duk suna da kyau, ba dai don matsalarka aka yi su ba. Premier Guitar kuma ka leƙa shafinsu na intanet, akwai darussa birjik kyauta.

Baban Nana:
Injiniya, ai intanet ɗin nake gudu. Na faɗa tun farko. Maman Biyu kuma ki kwantar da hankalinki, ni ba mai sayen wata jita ba ne, wannan ɗin ce ko babu.

Ummu Hanan:
Tsaya tukuna. Na koma na sake karanta bayaninka, wani abu ya tsaya min a rai. Wuyan jitar yana da faɗi? Kan nata, inda ake murɗa tsirkiya, yana da dogayen ramuka biyu? Kuma tsofaffin tsirkiyoyin da aka cire, ukun ƙasa kamar roba suke?

Baban Nana:
Eh haka ne, kamar igiyar kamun kifi. Mai gyaran ya ce na ƙarfe sun fi ƙara da daɗin sauti, shi ne ya sa mata su.

Ummu Hanan:
Innalillahi. Baban Nana, jitar yayanka ta nailan ce, ba a sa wa irinta tsirkiyar ƙarfe. Jan da na ƙarfe suke yi ya kusa ninka na nailan, kuma yawancin irin wannan jita ba su da sandar ƙarfen da ake sakawa a cikin wuya don ta riƙe shi. A hankali wuyan zai lanƙwashe, tsirkiyoyin su yi nisa da itace, wani lokaci ma gadar da aka ɗaure su a jiki ta ɗago ta ɓalle. Duba gaɓa ta goma sha biyu, in tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfen gaɓar ta kai ka zura fensir, to ba yatsanka ne mai laifi ba. Ko wanda ya shekara talatin yana kiɗa zai sha wuyar F a haka. Don Allah ka sassauta su yau ɗin nan.

Kawu Mai Tsirkiya:
A nan kam Hajiya ta yi gaskiya, ni ma abin da nake shirin faɗa ke nan. Na taɓa ganin gada ta tashi da tsakar dare, ƙarar kamar an harba bindiga. Amma wannan bai canza maganata ta mujalla ba.

Baban Nana:
Na gode da kulawa, amma mutumin nan ya daɗe yana wannan aiki, ba na jin zai cuce ni. Shekara biyu ke nan ba abin da ya ɓalle. Na gwada fensir ɗin, ya shiga, sai dai fensirin Nana ne, siriri ne sosai. Ni a ganina rashin tsari ne matsalata. Marigayi da mujalla ya koya, ba malami, ba kowa.

Ɗan Auta:
Yaya, to me zai hana ka yi amfani da mujallu ukun da ya bari? Ka ce har ya yi maka alama da jan biro.

Injiniya Sak:
Ko ka nemi tsofaffin fitowa na waɗanda aka rufe, masu sayarwa suna nan. Darasin F na 1998 da na bana duk ɗaya ne. Kuɗin shekarar kuma ka ba malami ya zauna da kai sau uku ya kalli hannunka.

Baban Nana:
Ɗan Auta, waɗancan ba na son in yi ta buɗe su, takardar ta yi laushi, ajiye su nake. Malami kuma ba ni da lokacinsa, sai bayan sha ɗayan dare nake samun kaina. Ni dai tambayata ba ta canza ba. Tsakanin ta Kawu da ta Ummu Hanan, wacce?

Kawu Mai Tsirkiya:
Na amsa tun jiya.

Ummu Hanan:
Ka sassauta tsirkiyoyin?

Maman Biyu:
Ga mijina nan ya shigo da wani kwali dogo, wai ta aro ce.