Hoton yaye Baba ya haɗa ni musu da Yaya: Bauchi ya gama ko Zariya?

'Yar Fadamar Mada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman wajen iyayenmu da suka san Bauchin da. Bara mahaifinmu ya rasu, injiniya ne, ya yi ritaya a ma'aikatar ayyuka ta jiha. Makon jiya muka buɗe akwatin ƙarfensa da ke ƙarƙashin gado, muka tarar da hotonsa sanye da riga da hular digiri, shi da abokansa huɗu. Hoton har ya koma ja-ja don tsufa. A bayansa ya rubuta da biro: "Mu 'yan Yelwa." Ba rana, ba shekara. Takardar digirinsa na ciki, amma gara ta cinye gefen ƙasa, daidai wurin kwanan wata.

Autanmu zai gama injiniya a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Bauchi bana. Na ce a haɗa hotonsa da na Baba a firam ɗaya, a rubuta uba da ɗa, makaranta ɗaya. Yaya ya ce atafau, a saman takardar Baba sunan Jami'ar Ahmadu Bello ne, don haka ɗan Zariya ne, kada a yi wa mamaci ƙarya. Ni kuma da kunnena na sha jin Baba yana cewa da su aka buɗe makarantar Yelwa, wato harabar ATBU da ke unguwar Yelwa a Bauchi. Wa ke da gaskiya? Kuma ina zan gano shekarar da aka yaye su?

Tsohon Malami, Gwallameji:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Ke da yayanki duk kun faɗi gaskiya, kowa dai gefen da ya kama ya riƙe.

A 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka kafa makarantar da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya, Bauchi, shekara ɗaya da ta Makurdi da ta Owerri. Ɗaliban farko sun shigo a Oktoban 1981, karatun share fage suka fara, darussan digiri kuma suka kankama a Oktoban 1982. Ana cikin haka kuɗin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu, soja suka karɓi mulki. Ranar 1 ga Oktoba 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sa ta ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta zama Kwalejin Abubakar Tafawa Balewa. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba: Yola aka ba Maiduguri, Makurdi aka ba Jos, Abeokuta aka ba Legas. Sai 1988, zamanin Babangida, ta koma cin gashin kanta da sunan da kuka sani yau.

To lissafa da kanki. Yaron da ya shiga a farkon nan, suna ɗaya ya gani a takardar ɗaukarsa, wani sunan ya gani a takardar gamawarsa, ga na uku da 'ya'yansa suka taso suka ji, alhali shi yana nan Yelwa bai motsa ba. Kwaleji ba ta ba da digirin kanta, na uwar jami'a take bayarwa. Ki gaya wa yayanki takardar ba ta yi ƙarya ba, mahaifinku ma bai yi ba.

Ɗan Wunti:
Allah ya saka da alheri Baba. Ni a ATBU na yi karatu, shekara biyar ina shiga ina fita, wallahi sai yau na ji wannan.

Mai ritaya daga ofishin magatakarda:
Allah ya gafarta masa. Hajiya, kafin komai ina roƙonki abu ɗaya: kada ki kai takardar nan shagon kwamfuta a manne ta da leda. Na ga takardu da yawa da aka kashe da wannan gatan. Zafin injin yana ƙona tawada, ya danne hatimin da ke tasowa, kuma in an manne ba a ɓarewa sai da fatar takardar. Ki sa a yi mata sikanin gaba da baya, hoton ma haka, har da rubutun biron. Ki sa asalin a babban ambulan, ki ɗaga shi daga ƙasa, nesa da bango mai damshi. Akwatin kuma a fitar a shanya, inda gara ta ci sau ɗaya tana nan kusa.

Maganar shekara kuwa, duba sa hannun shugaban jami'a in gara ta bar shi. Farfesa Ango Abdullahi ne ke kan kujerar Zariya har 1986, daga nan Farfesa Adamu Nayaya Mohammed ya karɓa. Sunan da kika gani ya rage miki rabin aiki. Sannan ki nemo takardar sallamar bautar ƙasa, tana ɗauke da ranar farawa da ranar gamawa, kuma yawanci mutum na gama karatu yake tafiya.

Wani abin da ke ruɗa mutane: shekarar gama karatu daban, ranar bikin yaye daban. Majalisar malaman jami'a na amincewa da sakamako, ɗalibi ya zama mai digiri, ko an yi biki ko ba a yi ba. Sau da yawa akan tara rukuni biyu ko uku a yaye su rana ɗaya. Don haka hoton zai iya girmar takardar ko ya ƙanƙance ta da shekara guda. Abin da zai raba gardama shi ne ɗan littafin nan da ake rabawa ranar biki, mai jerin sunayen waɗanda aka yaye sashe-sashe. Rubuta wasiƙa zuwa ga magatakarda, ki haɗa da kwafin takardar da shaidar ke 'yarsa ce. Ki fara da Bauchi, in sun ce bayanan shekarun nan suna Samaru, wato jami'ar Zariya, sai ki bi can. Ki tafi da haƙuri, fayil na shekara kusan 40 ba a kwamfuta yake ba, sai an hau kanta an kaɗe ƙura.

Maman Biyu, Jekadafari:
Ƙari a kan na Baba na ofishin magatakarda. In asalinku ta wajen mu ne, ki tuna sai 1 ga Oktoba 1996 aka cire Gombe daga Bauchi, kuma an raba ma'aikata da fayil ɗinsu. Na mahaifina a Gombe muka same shi bayan mun gama zagaye Bauchi. A fayil ɗin aiki akwai kwafin duk takardun da mutum ya kawo ranar ɗaukarsa, ƙila ki samu kwafin digirin tun gara ba ta taɓa shi ba.

Abu Sumayya:
Ni dai a ganina duk wannan wahala ce. Kuɗin motar Zariya da na firam a haɗa a yi masa sadaka, shi ne zai same shi inda yake.

'Yar Fadamar Mada:
Malam na gode, sadaka muna yi kuma ba za mu fasa ba. Wannan don auta ne, yana aji huɗu Baba ya rasu, kuma Baba ne ya cika masa fom da hannunsa.

Injiniya, Unguwar Railway:
Ƙanwata, kowa ya tura ki wajen takarda, ni wajen mutane zan tura ki, kuma da gaggawa. Mutum biyar ne a hoton. Ɗaya ya tafi. Sauran huɗun duk sun haura 60 in suna raye. Takarda za ta jira ki, su ba tabbas.

'Yan farkon nan ba su da yawa, sun san juna kamar 'yan gida ɗaya. Ki ba auta kwafin hoton ya kai reshen Bauchi na ƙungiyar injiniyoyi ta NSE ranar taronsu, ya nuna wa masu furfura. Ya kai ofishin tsofaffin ɗalibai ma. Na yi imani ba za a zagaya da shi sau biyu ba wani zai ce ai wannan wane ne, yana Kaduna, ga lambar ɗansa. Mutum ɗaya daga cikinsu zai gaya miki inda aka yi bikin, wa ya zo, wa ya ara wa wa takalmi. Babu ofishin da ya ajiye wannan. In Baba ya yi rajista da hukumar rajistar injiniyoyi ta COREN, can ma akwai shekarar digirinsa a rubuce. Mai son ganin labarin bikin a jarida kuwa, tsofaffin New Nigerian suna Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, amma sai kin san shekara da wata, in ba haka ba kwana za ki yi kina buɗe shafi.

Rubutun firam kuma, ni da ni ne ba zan sa sunan jami'a ko ɗaya ba. Abin da shi ya rubuta da hannunsa zan sa. Auta ma ai ɗan Yelwa ne.

'Yar Fadamar Mada:
Jama'a na dawo, Allah ya bar zumunci. Na haska takardar da fitilar waya, sa hannun ya tsira, na Farfesa Nayaya ne. Na karanta wa Yaya bayanin Baba na Gwallameji, ya yi shiru, can ya ce to ai shi ma bai ce ba a Bauchi aka zauna ba. Ya yarda da "Mu 'yan Yelwa."

Abin kunya, duk cikinmu ba wanda ya tuna ya tambayi Hajiya mahaifiyarmu sai jiya da dare. Ta karɓi hoton ta nisanta shi da ido, ta kira sunan uku daga cikin abokan nan take, ɗaya ma ta ce shi ya yi wa Baba babban aboki ranar aurensu. Ta ce ita ba ta je bikin ba, tana wankan jegon Yaya, dambun nama kawai ta aika. Mun ce shi ke nan an samu shekara. Sai ga shi Yaya ranar haihuwa biyu gare shi, ta gida da ta rantsuwar kotu da ya nemi aiki da ita, kuma ya rantse ya manta wacce ce ta gaskiyar. Yanzu Hajiya na zazzage jakunkunanta tana neman katin asibiti, auta kuma Asabar zai kai hoton wajen injiniyoyi.