Fitilar eyabag ta ƙi mutuwa, don Allah a ba ni shawara

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Motar nan ta maigidana ce, Allah ya ji ƙansa. Danginsa sun matsa in sayar, na ƙi, don da ita nake kai yara makaranta, kuma ita kaɗai ya bar mana. Tunda aka wanke cikinta fitilar SRS, wato ta eyabag (jakar iskar da ke kare mutum a haɗari), ta kama ta zauna. Da can in na tayar, 'yan daƙiƙu take yi ta mutu. Bakanike ya ce zai cire ƙwan fitilar kawai. Tsorona kada jakar iskar ta fashe mini ina tuƙi.

Abu Sadiq: Wa'alaikumussalam, Allah ya gafarta masa. Ni ma wani mai wayarin ya riƙe tawa, ya dawo da ita hon ba ya yi. Masu gyaran yanzu sai addu'a.

Injiniya Bala: Hajiya, kada ki bari a taɓa ƙwan nan. Abin tsoron shi ne jakar ta ƙi buɗewa ranar haɗari. Akwai sensa a gaba kusa da lagireto, akwai a gefe, suna auna ƙarfin karo. Su suke aika wa ƙaramar kwamfuta da ke ƙasa tsakanin kujerun gaba, ita ma da nata sensa na tabbatarwa, shi ya sa ƙaramin rami ba ya tayar da ita. In suka yi daidai, kafin ƙiftawar ido jaka ta cika. Fitila ta zauna kuwa, kwamfutar ta ga matsala, tana iya kashe tsarin. Ruwan wanki ne ya shiga ƙarƙashin kafet, ba ko tantama.

Ummu Khairat: 'Yar uwa, leƙa ƙarƙashin kujera, akwai soket mai ruwan ɗorawa, yakan saki in an ja kujera. Ki cire ki mayar.

Injiniya Bala: A'a! Waɗannan wayoyin ba a taɓa su sai an cire batir an dakata, don kwamfutar tana riƙe wuta. A jona na'ura ta karanta matsalar, shi ke nan.

Maman Hanif: Injiniya, bakaniken nan shi ke gyara ta tun marigayi na da rai, bai taɓa cutar mu ba. Kuma ni na tsaya a kan wankin, ban ga ruwa a kafet ba.

Abu Sadiq: Ki ɗaura bel ki ci gaba da harkarki. Tawa har yau fitilar na kunne.

Maman Hanif: To gobe in ɗauki yaran a ciki ko in bari?