Keke mai bodi, Hijet ko tsohuwar fijo? Masu gogewa ku taimaka min

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa riƙe motar ɗaukar kaya. Gonata tana ta wajen Soba, in ka sauka daga kwalta burji ne da farko sannan hanya ta koma ta amalanke, akwai wata fadama a tsakani da in damina ta zauna ko mashin sai an tura. Masara da waken suya nake yi, rani kuma ɗan tumatir. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 masu mota in suka ji cikin daji ne sai su yanka maka kuɗin da zai sa ka haƙura, bara kuɗin ɗauko amfani ya kusa cinye ribar. Na haɗa miliyan uku da rabi kuma ba zan ci bashi ba. Keke mai bodi zan saya, ko Hijet, ƙaramar motar kayan nan ta Japan, ko tsohuwar fijo akori-kura? Ba Hilux nake tambaya ba, na san ba ni da kuɗinta.

Ɗan Kwangila:
Wa alaikumus salam. Malam ka nemi Hilux kawai ka huta.

Baban Sadiq:
Ɗan uwa ka karanta layin ƙarshe mana.

Oga Bakanike:
Malam in fadama ce matsalarka ka tsaya ka yi tunani a kan keken nan. Hanyar ƙauye sawu biyu ne da tudu a tsakiya, mota mai ƙafa huɗu tana bin sawun, shi kuma keke tayoyin baya suna cikin sawu ta gaba tana kan tudun, direba yana ta kokawa da kan har kafaɗa ta riƙe, in hanya ta ɗan karkace kuma da lodi a sama sai ya kwanta. Alherinsa ɗaya in ya maƙale a taɓo kun sauke buhuna mutum huɗu sun ɗaga shi, ga shan mai kaɗan. Ni fijo zan ce. Babu kwamfuta a jikinta, kafireta ce, ko yarona na gareji zai kwance ta ya mayar, tun 1975 ake haɗa Peugeot a Kaduna shi ya sa kayan gyaranta suka cika kasuwar Panteka.

Maman Hanif:
Oga fijo da wannan tsadar fetur? Ai sai dai ya sayi motar ya sayi gidan mai. Ni keke mai bodi na saya na ba yaro yana kawo min balas, yana ɗaukar kaya daga kasuwar Sabon Gari zuwa cikin birni da Samaru, alhamdulillah bai taɓa kwana a gareji ba sai canjin baƙin mai da taya. Miliyan biyu da ɗari takwas na saye shi sabo dal.

Ɗan Kwangila:
Hajiya yaushe kenan? Satin nan na taya wani tambaya an ce huɗu da ɗari biyu ba ragi.

Maman Hanif:
To ban sani ba ko na zinari aka nuna muku.

Oga Bakanike:
Hajiya ranki ya daɗe naki a kwalta yake yawo, shi daji zai shiga.

Alhaji Na Tudun Wada:
Baban Sadiq ka ji tsoron Allah ka ji tausayin kuɗinka kar ka kusanci Hijet ɗin da aka juya wa sitiyari. Ni ganau ne. Wani dillali da muke sallah masallaci ɗaya ya kawo min ita, fenti sabo, inji kamar agogo, ya rantse min daga jirgi sai hannuna. Ashe motocin nan a Japan sitiyarinsu a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama sai mai sitiyari a hagu, to wasu a yanke ake shigo da su a matsayin kayan gyara, a nan ake haɗawa a yi walda a mayar da sitiyarin ɗaya gefen. In mai hankali ya yi aikin shikenan, in ɗan koyo ne kai da Allah. Tawa muna dawowa daga kasuwar Giwa da masara, ba gudu ake ba wallahi, direba ya kauce wa rami kawai sai ya ji sitiyari yana juyawa a hannunsa ba ya riƙe komai, motar ta gangara kwazazzabo, yaron mota ya karye a hannu, buhuna suka fashe mata na ta tsince masara a cikin ƙasa da faranti. Da aka leƙa ƙasa sandar sitiyarin gutsure biyu ce aka haɗa da walda aka shafa baƙin fenti a kai. Na koma wajen dillali ya ce Alhaji ai an saya an sayar. Da na je sabunta takardu kuma aka ce lambar da ke jikin motar daban da ta takarda. Tana nan a ƙofar gidana awaki na kwana a ƙarƙashinta.

Maman Hanif:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Alhaji, ya jikin yaron?

Alhaji Na Tudun Wada:
Ya warke Hajiya na gode, amma ni na biya kuɗin ɗori da na magani, dillalin ko sannu.

Malam Na Samaru:
Allah ya kiyaye gaba. Amma Alhaji buhu nawa aka ɗora mata? Domin ƙananan motocin nan injinsu bai wuce cc 660 ba, kuma a can Japan kilo 350 aka ƙayyade musu, wato buhun masara uku da rabi kenan. Mu nan sai a ƙara sifirin a jera goma sha biyu har da mai kaya a sama. Matsalar ma ta fi haka, ba a ƙera mota don hanyoyinmu da aljihunmu. An gwada, akwai wata motar kaya mai suna OX da Gordon Murray ya zana, wanda ya zana motar gudun nan McLaren F1, aka nuna ta a 2016, a warware take zuwa cikin kwantena a haɗa ta a inda za a yi aiki da ita, tana ɗaukar kusan tan biyu, daga baya aka sa masu lantarkinta dakon kayan manoma a Ruwanda. A Kenya kamfanin Mobius ya yi mota mai sauƙi don hanyar karkara amma a 2024 ya sanar zai rufe. A Amurka ma akwai masu ƙera wata mai ƙafa uku da ƙaramin injin dizal, BUV suke ce mata, ba ta gudu amma tana jan kaya.

Ɗan Kwangila:
Malam to a wane layi ake sayar da OX ɗin a Sabon Gari mu je mu taya?

Alhaji Na Tudun Wada:
Malam ba lodi ne ya karya walda ba, ha'inci ne. Buhu takwas ne kacal. Kai ka taɓa sayen mota da kuɗin guminka ta watse a gabanka? Mu da abin ya ci ku bar mu mu yi magana.

Oga Bakanike:
Alhaji takwas ɗin ma ya ninka abin da Malam ya faɗa fa. Ni ban yi boko mai zurfi ba amma abin da ke zuwa garejina kullum shi ne sifirin ya karye, kuloci ya ƙone, lagireto ya tafasa, duk lodi ne. Kuma akwai Hijet mai jan ƙafa huɗu, in ka samu mai kyau fadamar nan wasa ce a wajenta. Kafin ka biya ka kwanta a ƙarƙashinta da tocila, duk inda ka ga sabon fenti a ƙasan mota to akwai abin da ake ɓoyewa.

Alhaji Na Tudun Wada:
Ku bakanikai ai dole ku yabi abin da zai dawo muku gareji.

Oga Bakanike:
Haba Alhaji, ni da na ce ya sayi fijo.

Alhaji Na Tudun Wada:
Ita ce ma ta fi zuwa.

Bakano A Zazzau:
Ku Zazzagawa da kun zo Kano tun farko da an gama maganar nan, kurkura, wato irin Hijet ɗin nan, ta cika gari, kayan gyara kuma Ƙofar Ruwa ko tsakar dare. Hijet mai kyau miliyan biyar, wanda ya ce maka uku to irin ta Alhaji ce.

Ɗan Kwangila:
Bakano ana maganar mota kai kana tallan garinku. Ka fara biyan kuɗin hayar shagon da muka ba ka tukuna. Ni dai shawarata ta ƙarshe Baban Sadiq ya sayi shanu biyu da amalanke, ba fetur ba takardu, in sun tsufa a yi kilishi.

Manomi Daga Maƙarfi:
Kuna dariya amma mu masu rake haka muke yi, amalanke ke fito da shi daga fadama zuwa bakin hanya sannan motar Kanta ta ɗauka. Sai dai shanun ma yanzu wa zai bar su a ƙauye ya yi barci. Ni abin da ya fi ci min rai ba motar ba ce, masu tare hanya ne. Ranar kasuwa ka ɗauko kaya, wannan ya sa katako mai ƙusa ya ba ka tikiti, ka yi gaba kaɗan wani ya ce nasa daban ne na amfanin gona, wani na lodi, wani na sauke lodi, takardar ko tambari babu, ka tambaya kuɗin ina suke zuwa a ce ka faka gefe. Ramin da ake tsayawa a karɓi kuɗin a bakinsa shi ne dai ramin bara.

Maman Hanif:
Wallahi yarona kullum sai ya cire kuɗin tikiti daga balas, in na yi magana ya zazzage min takardu kala uku a cinya.

Malam Na Samaru:
Kuma duk a kan mai sayen tumatir yake ƙarewa.

Baban Sadiq:
Na gode ƙwarai jama'a. To Oga fijon nawa zan samu mai lafiya, kuma tana wuce fadama da buhu goma?

Alhaji Na Tudun Wada:
In kana son Hijet zo ka ɗauki tawa miliyan ɗaya, injin lafiya lau.

Manomi Daga Maƙarfi:
Akwai wata kwalbati a hanyarmu da ruwa ya cinye, an zo an kafa allo an ɗauki hoto an zube tifa biyu ta yashi, yashin ma mutane sun kwashe sun yi bulo. Wa ya san inda ake kai ƙorafin irin wannan dan Allah?