Mai sayen jakunkunana a Faransa na son lambar QR a kan kowace jaka, in biya ko in haƙura?

Baduku_Birni: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni baduku ne a nan unguwar Birni ta Damagaram, muna ɗinka jakunkuna da alabe da fatar akuya. Akwai wata Bafaranshiya mai shago da ta daɗe tana ɗaukar kayanmu, ita ce ma babbar mai sayenmu. Yanzu ta aiko da takarda, wai daga kayan da za mu aika gaba, kowace jaka sai an liƙa mata lambar QR. In an haska ta da salula za ta nuna garin da fatar ta fito, wa ya jeme ta, da me aka jeme ta, da irin rinin da aka sa. Ta ce dokar Turai ce ke tafe. Wani yaro a Yamai ya ce zai haɗa mini komai a kan jika 450, sannan jika 80 duk shekara. Damuwata ita ce, daga hannun majema nake sayen fata, su kuma daga mahauta da ƴan kasuwar ƙauye, ta Mirriya da ta Tanut duk a tari ɗaya. In biya ko in haƙura da matar? Wanda ya taɓa yi ya gaya mini.

Abu_Magariya: Wa alaikumus salam. Ka koma riɗi kawai malam. Ƴan Kano har gida suke zuwa da kuɗi a hannu.

Ɗan_Zongo: To yanzu akuya ma sai ta yi fasfo kafin a yanka ta? Ni da nake mutum fasfona ya mutu tun bara 😂

Alhaji_Ƙaro: Ƙanena, kada ka ba kowa ko dala. Ni ƙaro nake tarawa a wajen Gure. Wasu yara suka zo mini da ƴan kwamfutocin hannu, suka ce mai sayena ba zai ƙara karɓa ba sai da taswirar kowane daji da aka tsinko ƙaron. Jika 900 na zube musu. Muka shiga ƙauyuka suna ɗaga na'ura sama suna ɗaukar lamba, mutanen da muka shekara da shekaru tare suka fara cewa Alhaji ya kawo masu auna musu fili zai sayar. Wani mai gari ko gaisuwata ya daina amsawa. Ga iyakar Benin a rufe tun 2023, kayan suka bi ta Burkina zuwa Lome, suna jiran rakiyar sojoji. Kafin su isa teku mai sayen ya janye. Yau in ka haska lambar da ke jikin buhunana, farin shafi ne ke fitowa, wayar yaran kuma a kashe.

Sani_Kance: Jika 450? Ɗan ƙanwata jika 15 ya yi wa mai sabulu. A intanet ma kyauta ake yin QR.

Ƴar_Sabongari: Lambar kyauta ce, Malam Sani, shafin da take buɗewa ne ake biya wa kuɗin ajiya, abin da ya mutu wa Baba Alhaji ke nan. Malam Baduku, dokoki biyu ake cakuɗawa. Ta farko ita ce ta Tarayyar Turai mai lamba 2024/1781, ta fara aiki a Yulin 2024, ita ce ta kawo fasfon kaya na intanet, wato shafin bayanan kaya da irin wannan lambar ke buɗewa. Amma rukuni-rukuni ake bi. Manyan batura ne ke gaba a Fabrairun 2027 a ƙarƙashin tasu dokar, kuma jerin da aka fitar a 2025 ya sa tufafi, kayan ɗaki, taya, katifa, ƙarfe da alminiyum a sahun farko. Ta biyu ita ce ta hana sare daji ta 2023, mai neman wurin da kaya suka fito: shanu, koko, kofi, manja, roba, waken suya da katako. Akuya da tumaki ba sa ciki, kuma sau biyu ana ɗaga ranar fara ta. Ka tambayi matar wace doka take nufi, kuma ko za ta ɗora bayananka a nata shafin.

Alhaji_Ƙaro: Ƴata, kin taɓa fitar da ko buhu ɗaya? Irin wannan bayanin yaran can suka yi mini.

Ƴar_Sabongari: Ban taɓa ba Baba, takardun masu fitarwa nake cikewa. Kuma ƙaro ba ya cikin ko ɗaya daga dokokin nan, mai sayenka ne ya sa sharaɗinsa.

Abu_Magariya: A bar wanda ya yi asara ya yi magana don Allah.

Majemi_Garin_Malam: Ni nake jeme irin fatar da ake gardama a kai. Da bagaruwa muke jima, ja kuma karan dafi ne, ba ruwanmu da sinadarin kurom na masana'antu, kuma Turawa na son jin haka. Wannan zan iya rubuta maka in sa hannu. Garin da kowace fata ta fito ne aiki. In mahaucin da na sani ne, sai in huda alama a wuyan fatar tun tana ɗanya in rubuta a littafi. Fatun layya fa? A amalanke suke zuwa a cakuɗe, wasu wuƙa ta tsaga, wasu ba gishiri. Wanda ya ce maka ya san asalinsu ƙarya yake.

Sani_Kance: Ku da kuke samun fatar ma. Masu kyan duk ta Ɗan Barto suke ficewa zuwa Kano, a jeme su a Calawa da Sharaɗa, su isa Italiya da sunan fatar Najeriya. QR ɗin wa zai rubuta Damagaram?

Majemi_Garin_Malam: Ƙirgin shanu kuwa masu ganda sun fi mu saye, cinye shi ake a kudu. Dillali na tsaye a mahauta tun asuba da kuɗinsa, ni sai in jira abin da ya rage.

Baduku_Birni: Na gode ƴan uwa. Malama, in na tambaye ta ba za ta ga kamar ina neman zillewa ba?

Alhaji_Ƙaro: Dillalan nan su ne suka ɓata ƙaro ma. A auna maka da tiya a ƙauye, a sayar da kilo a Kano. Sani, nawa suke biyan fatar akuya a Kance wannan satin?