Bidiyon biki ya ƙi hawa, 504 yake jefo min

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min. Na gina wa wani mai ɗaukar bidiyon biki a Sabon Gari shafin da zai riƙa ɗora wa amare bidiyonsu. Hotuna na hawa lafiya lau. Amma bidiyo mai MB 800, sai sandar da ke nuna ci gaban lodi ta cika taf, ya yi cirko-cirko kamar minti ɗaya, sannan ya jefo 504, lambar kuskuren da ke nufin sabar ta gaji da jiran amsa. Jiya sau uku muka gwada har datar bawan Allah ta ƙare. Yanzu wayata na yin ƙara gabana ke faɗuwa. Laravel ne (tsarin gina shafi da yaren PHP) a bayan nginx (manhajar sabar da ke karɓar buƙatun burauza).

Na Kongo: Wa'alaikumus salam. Leƙa iyakokin girman lodi a php.ini, fayil ɗin saitin PHP: upload_max_filesize na zuwa da 2M ne kacal, post_max_size kuma 8M. A nginx ma client_max_body_size 1m ne. Ɗaga su, ka mai da fastcgi_read_timeout, wato tsawon lokacin da nginx ke jiran PHP, awa guda, ka huta.

Ɗan Tudun Wada: Ukun farko na ɗaga tun makon jiya, lokacin 413 yake ba ni, wai fayil ya yi girma. Na ƙarshen ne ban taɓa ba.

Injiniyan Samaru: Kar ka taɓa shi tukuna, ƙanena. Lura da inda abin ke mutuwa. nginx yakan karɓe fayil ɗin gaba ɗaya kafin ya miƙa wa PHP. Tunda sai sanda ta cika yake faɗuwa, bidiyon ya iso ke nan. PHP ne ya yi gum fiye da daƙiƙa 60, nginx ya gaji da jira. Me kake yi wa bidiyon bayan ya sauka?

Ɗan Tudun Wada: Yallabai, ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo, nake kira ya rage masa girma ya manna tambarin shagon.

Injiniyan Samaru: To ga ɓarawon nan. Fitar da wannan aikin daga cikin buƙatar lodin. Fayil na sauka ka adana shi, ka amsa wa burauza da 202 (an karɓa, ana kan aiki) nan take, ka jefa aikin ffmpeg a layin jira na Laravel ya yi a baya. Shafin ya riƙa leƙowa yana tambaya ko an gama. Shawarar mutumin Kongo za ta yi aiki yau, ban musa ba. Amma kowane bidiyo zai riƙe ma'aikacin PHP-FPM ɗaya (su ne ke gudanar da aikin PHP a sabar) har a gama, kuma ƙidayayyu ne. Ranar Asabar da biki ya yi yawa, a ɗora biyar a tare, ko shafin farko ba zai buɗe ba.

Na Kongo: Na karɓi gyara, Injiniya.

'Yar Wusasa: Ni abin da ya tsaya min daban ne. Ku yi lissafi: MB 800 a kan sabis mai tura megabit 2 a daƙiƙa, kusan minti 53 ke nan. A Zariyar nan wa zai ba ka tabbacin minti 53 ba a ɗauke wuta ba, sabis bai yi tsalle ba? Gutsuttsura fayil ɗin. Ni Uppy (manhajar ɗora fayil) nake sawa a burauza tare da tus (tsarin lodi mai ci gaba daga inda ya katse), ya riƙa turawa MB 5 bayan MB 5. Da na gwada nawa, ana kashi 60 na zare wa rauta wuta da gangan, na je na ɗora ruwan shayi, na dawo na mayar. Daga inda ya tsaya ya ɗora.

Mai Kwangila: Hajiya ta faɗi gaskiya. In kuma shafin na bayan Cloudflare (sabis ɗin da ke tsayawa tsakanin burauza da sabarka) na kyauta ne, ba ya barin buƙata ɗaya ta wuce MB 100. Sai ka saita girman gutsuren da hannunka, don tus ba ya yankawa sai an ce masa.

Na Kongo: Ko kuma burauza ta tura kai tsaye zuwa Amazon S3, ma'ajiyar fayiloli ta kamfanin Amazon, da adireshi mai sa hannu na ɗan lokaci, sabarka ko ƙanshin fayil ɗin ba za ta ji ba. A can ma ana gutsuttsurawa, amma gutsure ba ya gaza MB 5 in ban da na ƙarshe, iyaka guda 10,000.

'Yar Wusasa: Da dala suke lissafin kuɗinsu fa, Malam. Kuma gutsattsarin da aka fara ba a ƙarasa ba suna nan ana caje ka, sai ka sa dokar share su. Ko a taka sabar ma, sa abin da zai riƙa kwashe su kullum da dare, in ba haka ba wata rana ka tarar faifan ya cika.

Ɗan Tudun Wada: Allah ya saka da alheri. Layin jiran zan fara yau da dare. Yaya Injiniya, in tus ɗin ya gagare ni zan leƙo Samaru gobe bayan La'asar.

Injiniyan Samaru: Bismillah. Ka taho da kwamfutarka a cike, tun Talata ba mu ga wuta ba.